Gorunan Da Ke Ƙarƙashin Gadona

Tun da aka sallamo ni daga asibiti nake ba da labarin nan da baki, har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofar zaure. Kowa ya zo dubiya sai ya ce in faro daga farko. To ga shi na rubuta, wanda ya zo in miƙa masa ya karanta, ni kuma in samu in sha ruwana. In kuma akwai dattijon da ke shirin yin abin da na yi, don Allah ya daure ya kai ƙarshe kafin ya cire riga.

Sunana Tanimu, a Ƙofar Galadima aka haife ni, sana'ata ɗinkin hannu na manyan riguna. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a zaure, allura a hannu, kwanon tuwo a gefe. Abin da wannan zama ya haifa shi ne tumbi, ba kuma ƙaramin tumbi ba. Tumbina yakan riga ni shiga masallaci, a yi masa sannu da zuwa, sannan ni in iso. A lungunmu in na haɗu da mai kura, dole ɗayanmu ya koma da baya. Ranar da mai keke ya dube ni ya ce kuɗin mutum biyu zan biya, na yi dariya tare da kowa, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba, domin a makon ne muka binne abokin ɗinkina, sa'ana, wanda ya kife a kan rigar da yake ɗinkawa.

Wani da nake yi wa aiki ne ya kai ni Tudun Jukun, bayan wani garejin kanikawa, inda Koci Bala yake tara 'yan ɗaga ƙarfe. Kayan aikinsu siminti ne da aka zuba a gwangwanayen fenti, da tsofaffin ƙarafan mota, da benci mai ƙafa uku da rabi. Ranar farko sandar ƙarfen kawai na ɗaga, ba komai a jikinta, na ga kakannina suna ɗago mini hannu. Amma na dawo washegari, na kuma dawo. Gaskiya ita ce abin ya karɓe ni. Bayan shekara da watanni tumbin ya tattara kayansa, ƙirji ya buɗe, damtse ya taso, na koma tashi daga zaman tahiya ba tare da na dafa kafaɗar maƙwabci ba. Da a nan na tsaya, da wannan takarda ta talla ce ba ta jinya ba.

Sai Koci Bala ya zo da labarin gasar nuna ƙwanji da za a yi a Kaduna, har da rukunin waɗanda suka haura hamsin. Ya ce a rukunin nan ba a cika samun mutane ba, wanda ya iya tsayuwa da ƙafarsa ma yana da rabo, balle ni. Na ce a rubuta sunana. Da na ga ɗan kamfen da ake sawa, wanda bai kai marfin tukunya ba, na ce wannan kam ba da ni ba. Na zauna na ɗinka wandona, daga cibiya zuwa gwiwa, na yi masa aiki da zaren siliki a gefe.

Matsalar ita ce yayana. Yaya Malam shi ne babba a gidanmu, shi ke limanci a masallacin unguwa, shi ke ba da karatu a zaurenmu bayan la'asar. Mutum ne mai tsantseni a kan tsarki, in zai tsallaka kwata sai ya tattare riga tun daga nesa kamar zai haye kogi. Da labari ya kai masa bai yi faɗa ba. Ya kira ni, ya tambaya ko gaskiya ne zan hau dandamali in shafa mai a jiki mutane su yi ta kallo. Na ce gaskiya ne, amma al'aura a rufe, ga ma wandon. Bai ko dubi wandon ba. Ya ce, "Tanimu, da furfurarka." Daga ranar, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Mun fi wata biyu a haka, gida ɗaya, ƙofa ɗaya.

Da ya rage mako guda a yi gasa, Koci Bala ya ce saura busar da jiki. Wai ruwa yana kwanciya tsakanin fata da nama, in ba a kore shi ba alƙalai ba za su ga jijiya ba. A waya ya gani. Aka rage mini ruwa zuwa kurɓi, aka sayo mini ƙwayar sa fitsari a kemis, aka ninka ɗaga ƙarfe safe da yamma, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Cinyoyina suka fara ciwo kamar an daka su a turmi, sai na haɗa da ƙwayar ciwon jiki, bibbiyu, ba ko loma a ciki. Na duba madubi na ga jijiyoyi sun fito rankatakaf kamar taswirar lungunan birni, na ce wa matata Hajara ta zo ta ga mijinta. Ta duba, ta ce ita dai kilishi take gani.

Ana jibi za mu tafi, fitsarina ya koma kalar shayin da ba madara. Washegari ya koma kalar zoɓo da ya kwana. Daga nan sai amai. Na tashi zan ɗauki buta, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, na zube a tsakar gida.

Makon farko an yi shi ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da mu. Suka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, wanda dama a garin nan ko ƙashi ka karya sai an fara gano maka su. Aka yi mini allurar kashe ciwo, aka ɗaura ƙarin ruwa, leda na bin leda. Ruwa na shiga, ba abin da ke fita. Masu dubiya suka fara kawo shawara: wannan ya ce ciwon shawara ne a nemo saiwa, wancan ya ce kanwa za a jiƙa ta buɗe mara, wata gwaggonmu ta ce baki ne, mutum ya yi ta yawo ba riga ai dole. Ni kuwa sai kumbura nake. Damtsen da na yi shekara ina nema ya zo a kwana biyu, ya taho da 'yan rakiya a fuska da ƙafa. Wani da bai san komai ba ya shigo ya ce ma sha Allah, jiki ya yi kyau, har ya murmure. In ka danna ƙaurina da yatsa, ramin zai jira ka har ka je kasuwa ka dawo.

Hajara ce ta tada ƙayar baya. Ta ce wa mai asibitin mutum ya kwana uku bai cika kofin shayi da fitsari ba, ko su ba mu takarda ko ta goya ni ta fita. Suka ba mu takarda zuwa babban asibiti.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti da mara lafiya a kan keken guragu ba, bai san tsawon wuni ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin ɗibar jini daban, kowane taga kuma mai shi ya ɗan fita. Mun isa da hantsi, ba mu samu gado ba sai da aka kira la'asar. Amma a nan Allah ya haɗa ni da likitar da ta san aikinta, wata baiwar Allah siririya mai tabarau, wadda ba ta kai nauyin gwangwanin fenti ɗaya ba. Ita kaɗai ta tambaye ni me na yi a makon da ciwon ya kayar da ni. Na faɗa mata tsaf. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Ta ce naman jikina ne ya farfashe saboda wahala da rashin ruwa, dattinsa ya gangara ya toshe ƙoda, ƙwayoyin da na sha kuma suka ƙarasa aikin. Akwai wani abu a jini da ta kira kiriyatinin, ta ce nawa ya hau inda bai kamata na mai rai ya hau ba. Na tambaye ta cikin wasa ko ƙodar yajin aiki ta tafi ko murabus ta yi. Ba ta yi dariya ba.

"Baba, shi ne abin da ba mu sani ba tukuna. Irin wannan takan farfaɗo cikin 'yan makonni. In makonnin suka wuce ba ta farfaɗo ba, to wankin ƙoda ne har iya rayuwa."

Sannan ta kafa doka. Tunda ƙofar fita a rufe take, abin da zai shiga cikina a wuni bai wuce wani ɗan kofi da ta nuna mana ba, da koko da ruwan magani da komai a ciki. Ba gishiri, ba kanwa, ba ayaba, ba lemo. Aka sa mini roba a mafitsara da leda a rataye a gefen gado, aka huda wuyana aka dasa bututun wanki.

Wankin ƙoda ba ciwo ne da shi ba sosai, tsada ce da shi. Kowane zama ɗaya yana cinye abin da babbar riga mai cikakken aiki take kawo mini, rigar da nake shafe fiye da wata ina tsefe idona a kanta, kuma a mako ana son zama biyu ko uku. A mako na biyu babur ɗina ya tafi. Bayansa firjin da Hajara take sana'ar ƙanƙara da zoɓo da shi ya bi sahu. 'Yan ɗaga ƙarfe sun yi karo-karo, Allah ya saka musu, Koci Bala da kansa ya kawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula kamar zai tatse ta. Hajara ta karɓa, ta yi godiya, sannan ta ce masa ya gaida wayarsa.

Maƙwabcin gadona wani malamin makaranta ne mai ritaya, ya daɗe yana wanki. Gonarsa ta tafi, filinsa ya tafi, yanzu sai an tara sannan ya zo, in ba a tara ba ya zauna a gida ya kumbura. Ya ce mini ya daina tambayar yaushe zai warke, tambayarsa yanzu ita ce me ya rage a sayar. Ina jin haka na juya na dubi ledata. A bushe take kamar aljihun ƙarshen wata. Wuni nake ina kallonta. Na roƙe ta, na zage ta, na yi mata alkawura. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi kwaɗayin fitsari kamar yadda ake kwaɗayin haihuwa ba.

Ga ƙishirwa. Wadda na yi don gasa wasan yara ce, domin waccan ni na sa kaina, randa tana nan tana jirana. Wannan kuwa harshena ya zama kamar tsohon takalmi. In aka buɗe famfon alwala a bayan tagarmu, sai hawaye ya zo mini, shi ma in yi ƙoƙarin lashewa. Hajara takan jiƙa auduga ta goga mini a leɓe, in kama audugar da haƙori, mu yi ta ja kamar kare da ƙashi.

Ana cikin haka, wata safiya, sai ga Yaya Malam. Ashe tun ranar farko yake zuwa, ya tsaya a baranda ya tambayi Hajara, ya juya. Ran nan ya shigo har bakin gado. Ya dube ni. Ya zura hannu cikin riga ya fito da gorar roba cike da rubutu, baƙi ƙirin, yana ƙamshin ƙaro. Ya ce tun asuba yake kan allo, da hannunsa ya rubuta, da hannunsa ya wanke.

"Tanimu, yi bisimilla ka shanye."

Maganar farko ke nan da ya yi mini a wata biyu. Hajara ta buɗe baki daga inda take durƙushe, na harare ta ta rufe. Ku gaya mini, da wane bakin zan ce wa mutumin nan likita ta hana? Wannan gora ba ruwa ba ce kawai, sulhu ne. Kuma kada in yi muku ƙarya, ko ba sulhu a ciki, a yadda nake jin ƙishirwa da tawadar zalla ya miƙo mini sai na shanye. Na kafa kai ban sauke ba sai da gorar ta yi ƙara.

Wanda ya san Birnin Zazzau ya san abin da zai biyo baya. A unguwarmu in ka jefa tsakuwa, kan malami za ta faɗa, ta yi tsalle ta faɗa kan wani. Da aka ji liman ya kai wa ƙaninsa rubutu, kowane zaure ya ga ai ba za a bar shi a baya ba. Abokan karatun Yaya Malam suka aiko, surukanmu suka aiko, gidan da muka yi makarantar allo suka aiko da galan guda. Wani Alhaji ya kawo zamzam. Ba mai zuwa hannu sake, ba kuma mai tafiya sai ya ga ka kurɓa a gabansa, don ya koma ya ce an sha. Sauran sai Hajara ta tura ƙarƙashin gado ta ja zani ta rufe. In nas ta zo ta tambayi abin da na sha, sai a nuna mata ɗan kofin nan, mu duka mu yi fuskar salihai.

Hajara ta yi iya yinta. Ta ce, "Baban Walida, likita fa ta ce komai da komai." Na ce mata ayar Allah ce, ko tana nufin ayar Allah za ta cuce ni? Ta ci gaba da tura gorunan ƙarƙashin gado. Ni kuwa na san abin da nake yi. Tsoron Allah na gaske yana ciki, tsoron ɓata wa Yaya rai yana ciki, amma shugaban tafiyar ƙishirwa ce. A rayuwata ban taɓa riƙo da addini irin na makon nan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka cika ɗakin da dubiya, kowa da gorarsa. Na yi wa kowa adalci. Wajen la'asar sai na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Na ce a tada ni zaune. Na zauna, bai sauka ba. Na ja numfashi, na ji yana kuka a ciki kamar ana hura ruwa da tsinken shan lemo. Tari ya zo, da kumfa mai ja-ja. Ina kan gado, a tsakiyar ƙasa busasshiya, ina nutsewa. Na ga bakin Hajara yana motsi ban ji me take cewa ba. Na nemi kalmar shahada, iskar da zan furta ta da ita babu. Abin da ya zo mini a rai ba gasa ba ne, ba ma mutuwar ba ce, cewa na yi a zuci: na sayar da firjin Hajara, baiwar Allah, a banza.

An ce da gudu aka tura ni, an ce duk injinan wanki da mutane a kai, sai da malamin nan mai ritaya, wanda layinsa ne ya zo bayan ya jira kwanaki, ya ce a fara sa ni. Ban san wannan ba sai daga baya. Shi bai fita daga asibitin da ƙafarsa ba, ya rasu kafin a sallame ni. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, Allah ya san sunansa.

Na farfaɗo da abin iska a hanci. Likita tana tsaye, Yaya Malam yana tsaye, a tsakaninsu kuma an jera gorunan da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gado, manya da ƙanana, kamar shagon mai sayar da man ja. Na rufe ido na yi kamar ban dawo ba. Na san yau ko dai ta ci mutuncin yayana a gaban jama'a, ko shi ya ce a kwance mini robobi a mai da ni gida.

Sai na ji ta rage murya. "Allah ya gafarta Malam, ni ma gidan malamai na fito, da rubutu aka raine ni. Ba ayar nake ja da ita ba. Ruwan da ya ɗauko ta ne ba shi da hanyar fita, sai ya hau huhu. In aka sake, ba na jin za mu same shi."

Yaya Malam ya dubi gorunan. Sannan ya tambaya, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, ko gorarsa ce ta farko. Ya sunkuya ya tattara gorunan nan ɗaya bayan ɗaya a cikin babbar rigarsa, ya fita. Na ce shi ke nan, na rasa ƙoda, na rasa wa.

Da safe sai ga shi, da allon kansa a hammata da ƙaramin cokalin shayi a aljihu. Ya zauna a bakin gado, ya ɗebi ruwa cokali ɗaya daga cikin ɗan kofina na wuni, ya kira nas ta shaida, ya wanke rubutun da shi a cikin faranti. Ya dangwala yatsa ya ɗiga mini a harshe, sauran ya shafa mini a bayana, daidai inda aka ce ƙodar take. Ya ce ba a taɓa cewa sai da galan aya take aiki ba, mu ne dai muka saba.

Daga ranar ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar ɗakin, ya zama kwastan. Duk wanda ya zo da gora sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka. In mutum ya ce yana so ya ga an sha, sai Yaya Malam ya buɗe, ya yi bisimilla, ya shanye da kansa. Ya ce jini ɗaya ne, nono ɗaya muka sha, in ya shiga cikinsa ya shiga gidanmu. Ba wanda ya isa ya yi gardama da liman. Sakamakon haka dattijon nan ya wuni yana sintiri tsakanin buzu da banɗaki, yana sabunta alwala. Ina kwance ina kallonsa yana wucewa da buta, ina jin hassada tana cina. Na ce masa, Yaya, ko a nan ma ka fi ni. Ya ce in yi shiru in yi salati, amma na ga gemunsa yana rawa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Mako na uku ya wuce, na huɗu ya kama, leda tana nan yadda take, sai ɗan abin da ba zai jiƙa tsinken ashana ba. Likita ta daina cewa in ta farfaɗo, ta koma cewa mu fara tunanin yadda za a tsara zuwa wanki daga gida. Na ji Hajara a baranda tana waya da ƙaninta a kan 'yan kunnenta na aure, abin da ya rage ke nan. Na kira ta na ce kada ta sayar. Na ce in an yi wanki na gaba ba labari, a mai da ni gida, gara in mutu a ɗakina da in cinye gidan in mutu a kan titi. Ta ce ba da ita nake ba. Na ce wa Yaya Malam shi ma, na ƙara da cewa 'yata Walida da ƙannenta amana ce a hannunsa. Wannan karon ba wasa a bakina, na nema ban samu ba. Ya ci gaba da jan carbi, sai dai carbin yana tsallake ƙwaya.

Ranar wata Talata da hantsi, yana zaune kusa da gadon yana karatu a hankali, ni kuma na juya wa ledar baya don mun ɓata. Sai na ji karatun ya tsaya a tsakiyar aya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Na waiwaya. Yaya Malam ya durƙusa a ƙasa, ya kama siririyar robar nan da yatsu biyu ya ɗaga ta wajen hasken taga. Wani abu yana gangarowa a ciki, ɗigo na bin ɗigo, kalarsa kamar ruwan kwata, amma wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba.

Mutumin da ke tattare riga tun daga nesa in ya hango kwata, shi ne ya ciro ledar fitsari daga ƙugiyarta, ya tallabe ta da tafin hannu biyu kamar jariri, ya miƙe zai tafi nuna wa nas. Ya manta ɗaya bakin robar a jikina yake. Ihun da na yi ne ya tara ma'aikatan, ba kiransa ba.

Likita ta ce kada mu yi saurin murna, a ga gobe. Gobe ta zo da rabin leda. Jibi leda ta cika har aka sauya. Daga nan kamar an fasa madatsar ruwa, nas-nas suka gaji da ni, na ce a kawo baho. Kiriyatinin ya fara saukowa kamar mai bin tsani da tsoro. Sai ga likitar nan da bakinta tana cewa yanzu dole in riƙa shan ruwa sosai don kada in bushe. Na ce a maimaita, a kira Yaya ya ji. Ya ji, ya tafi gida, ya dawo da gora, irin ta farko. Ya fara nuna wa likita, ta gyaɗa kai, sannan ya miƙo mini. 'Yan kunnen Hajara suna kunnenta har yau.

An cire bututun wuyana, an sallame ni. Na dawo gida da damtse kamar sandar rake da aka tsotse, wandon gasa kuwa yanzu ni da Hajara za mu iya shiga tare. An yi gasar ina kwance, an ce wani tsohon soja ne ya ci rukuninmu, Allah ya sanya alheri. Ƙodar ta dawo aiki amma ba duka ba, likita ta ce in riƙe ta kamar baƙuwar da aka yi wa laifi: ba ƙwayar ciwon jiki, ba jiƙe-jiƙe, gishiri kaɗan, gwajin jini a kai a kai. Firji bai dawo ba, babur bai dawo ba, ina kan allura ina nemo su.

Ba na cewa dattijo kada ya ɗaga ƙarfe, ƙarfe bai yi mini komai ba sai alheri. Amma duk wanda ya ce ka daina shan ruwa don jijiya ta fito, ka tambaye shi ko yana da ƙodar aro. In fitsarinka ya koma kalar shayi, kada ka tsaya a kemis. In kuma ka je duba wanda likita ta auna wa ruwa, ka kai masa addu'a da baki, ka bar gorar a gida, domin ba zai iya ce maka a'a ba, kuma ba ya so ya ce.

An yarda in koma ɗaga marasa nauyi bayan wasu watanni. Na faɗa wa Yaya Malam ina jiran faɗa, sai ya ce in dai da ruwa a hannu, kuma da riga a jiki. Maganar dandamali ba mu taɓo ta ba, ni ma ban matsa ba. Abin da ya sauya shi ne gaisuwarmu. Kullum in aka sallame sallar asuba, jama'a na miƙa masa hannu, sai ya leƙo ta kan kafaɗunsu ya nemo ni a sahu. Ba ya ce mini ina kwana. Yakan rage murya ne, don kada mamu su ji limaminsu, ya ce, "Tanimu, ya fita?"

In ce, "Ya fita, Yaya."

Sannan ya juya ya ci gaba da gaisawa da mutane.